Kafarnahum: Me Ya Sa Fim Mai Ɗaci Ke Sanyaya wa Wasu Rai?

Fim ɗin ya buɗe ne da wani likita yana leƙa bakin wani ramammen yaro, yana duba haƙoransa don ya ƙiyasta shekarunsa. Yaron, mai suna Zain, ba shi da takardar haihuwa, iyayensa kuma ba su riƙe ranar da suka haife shi ba. Likita ya ce zai kai sha biyu, wataƙila sha uku. Daga nan sai kotu. An fito da shi daga kurkuku da ankwa a hannu, inda yake zaman hukuncin shekara 5 saboda ya daɓa wa wani wuƙa, amma a wannan zama shi ne mai ƙara. Waɗanda yake ƙara iyayensa ne, laifinsu kuwa shi ne sun haife shi.

Wannan shi ne Capernaum, ko Kafarnahum da Larabci, fim ɗin da Nadine Labaki 'yar ƙasar Lebanon ta ba da umarninsa, ya fito a 2018. Awa biyu da 'yan mintoci ne na yunwa da duka da zagi, da aurar da yarinya 'yar shekara 11, da jaririn da aka bari a hannun yaro. Duk da haka ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, ya shiga cikin biyar ɗin ƙarshe na gasar Oscar ta 2019 a rukunin fina-finan harsunan waje, kuma ya tara sama da dala miliyan 60, mafi yawanta daga ƙasar Sin. Mutane sun biya kuɗinsu sun shiga sun yi kuka, sun fito suna kwaɗaita wa 'yan'uwansu su je su gani.

Ba a kan wannan fim kaɗai maganar ta tsaya ba. A watan Maris na 2025 an sanar a Birtaniya cewa za a bai wa makarantun sakandare damar nuna wa ɗalibai shirin Adolescence na kamfanin Netflix kyauta, labarin yaro ɗan shekara 13 da aka kama da kashe 'yar makarantarsu, kuma Firaminista Keir Starmer ya goyi bayan hakan. Shekara 6 kafin nan, wannan kamfani dai shi ne ya yanke wani sashe daga wani shirinsa na matasa bayan likitoci sun yi ta gargaɗi cewa yana iya cutarwa. Uban da ya iske 'yarsa a ɗaki tana kallon irin wannan a waya tana hawaye, yana da hujja idan ya rasa gane ko magani take sha ko guba.

## Nishaɗi daban, sanyin rai daban

A wajen mafi yawan masu kallo, fim abin ɗebe kewa ne: dariya, waƙa, soyayyar da ke ƙarewa da ɗaurin aure. Fim mai sa kuka ma akwai irin wanda aka saba da shi tun zamanin da ake cika sinimomin Kano da Kaduna da Jos don kallon Indiya. Maraya zai sha wuya a hannun kishiyar uwa ko azzalumin attajiri, a yi ta share hawaye, amma kafin a tashi gaskiya ta yi halinta, mugu ya ga sakayya, ɓataccen ɗa ya koma hannun uwarsa. Tatsuniyoyin marainiya ma a kan wannan turba suke tafiya. Wannan shi ne fim ɗin tausayi, kuma ya yi wa mai kallo alƙawari tun daga farko cewa bayan wuya sai daɗi.

Fim mai ɗaci bai ɗauki wannan alƙawari ba. Wanda ya mutu ya mutu, wanda ya cuci wani yana iya tafiya abinsa, yaron da aka fara labari da shi cikin talauci a cikinsa za a bar shi. Sau da yawa masu shirya irinsa sukan guje wa fitattun jarumai, su ɗauko mutanen unguwa, su ɗauki hoto a lungun gaske da kasuwar gaske, domin kada mai kallo ya sami kafar cewa ai wasa ne.

Abin da ake samu a irin wannan kallo ba a kiransa nishaɗi. Ya fi kama da abin da mutum ke ji bayan an watse daga zaman makoki: mamaci bai dawo ba, amma nauyin ƙirji ya ragu. Shi ake nufi da sanyin rai a wannan rubutu. Wata masaniya a Amurka, Mary Beth Oliver, ta fara nazarin wannan ɗaurin kai tun 1993, kuma a 2011 ita da abokin aikinta Arthur Raney suka nuna cewa buƙatu biyu ne ke kai mutane ga kallo. Akwai neman jin daɗi, akwai kuma neman ma'ana, wato son fahimtar rayuwa da inda mutum ya tsaya a cikinta. Mutum ɗaya yana iya neman wannan yau, gobe ya nemi wancan.

## Labarin Zain da dokokin da ke bayansa

Zain yana zaune da iyayensa da tarin ƙannensa a wani ruɓaɓɓen gidan haya a Beirut, babban birnin Lebanon. Ba ya zuwa makaranta. Yana yi wa Assaad, mai shagon unguwa kuma ɗan mai gidan da suke haya, dakon kaya. Ana kuma aikensa kantin magani da takardar likita ta jabu ya sayo tiramadol, uwar ta daka, ta jiƙa tufafi a ruwan, a shanya, a kai wa yayansa da ke kurkuku ya sayar. Duk wanda ya san yadda wannan ƙwaya ta yi wa matasan arewacin Najeriya ɓarna ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan sashe.

Ranar da Zain ya ga alamar ƙanwarsa Sahar ta fara al'ada, sai ya ja ta makewayi ya wanke mata tufafinta, ya sato mata ƙunzugu daga shago, ya gargaɗe ta kada ta bari uwarsu ta sani. Ya san abin da zai biyo baya. Bai tsira da ita ba, an kai ta gidan Assaad tana kururuwa a kan babur. Shi kuma ya bar gida. A wani wurin wasan yara ya haɗu da Rahil, 'yar Habasha mai aikin shara, wadda ke ɓoye jaririnta Yonas saboda ba ta da takardar zama ta gaskiya. Ta ɗauke shi, yana yi mata reno tana fita aiki. Wata rana ta fita ba ta dawo ba, an kama ta. Babban ɓangare na fim ɗin a nan yake: yaro ɗan shekara 12 yana jan jariri a cikin tukunya da ya ɗaure a kan allo mai taya, yana ba shi ƙanƙara da sukari don ya yi shiru, yana ɗaure masa ƙafa da igiya kada ya rarrafa titi. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya miƙa jaririn ga Aspro, mai buga takardun jabu a kasuwa. Ya koma gida neman wata shaida da ke ɗauke da sunansa, ya tarar babu, ya kuma ji cewa Sahar ta yi ciki ta mutu a ƙofar asibiti, an ƙi karɓarta don ba ta da takarda. A nan ya ɗauki wuƙa.

Kowane mataki na wannan labari yana da doka a bayansa. A Lebanon, idan jariri ya wuce shekara ɗaya ba a yi masa rajista ba, sai an bi ta kotu, abin da talaka ba ya iyawa, kuma marar takarda yana shan wuya wajen shiga makaranta da asibiti da neman aiki. Ƙasar ba ta da doka guda ta shekarun aure, kowace ɗariƙa da tata, domin dokokin iyali 15 ne ke aiki a tsakanin rukunonin addini 18 da hukuma ta amince da su. Rahil kuwa tsarin kafala ne ya ci ta, tsarin da ke ɗaure izinin zaman 'yar aiki a hannun wanda ya ɗauko ta, ta yadda idan ta gudu daga gidan da ake zaluntarta ta zama mai laifi. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta a 2019 cewa masu aikin gida 'yan ƙasashen waje a Lebanon sun kai 250,000, kuma dokar ƙwadago ta ƙasar ba ta kare su. Har da 'yan Najeriya a ciki. A watan Afrilun 2020 an kama wani mutum a can da ya tallata wata 'yar Najeriya a Facebook yana neman dala 1,000.

Sunan fim ɗin ma daga nan ya fito. Kafarnahum tsohon gari ne a bakin tafkin Galili da aka ambata a cikin Linjila, amma a Faransanci kalmar ta koma nufin wurin da komai ya cakuɗe, ba a san kai ba a san gindi.

## Daga ina sanyin ke zuwa?

Tsohuwar amsa ta Aristotle ce, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, wanda ya ce wasan baƙin ciki yana tayar da tausayi da tsoro ne don ya wanke su daga zuciya. Har yau masana ba su daidaita a kan abin da yake nufi da wankewar ba, amma duk wanda ya taɓa yin kukan da ya daɗe yana riƙewa ya san wani abu daga ciki. Matashin da aka horar cewa namiji ba ya kuka, ko budurwar da ba ta da wanda za ta faɗa wa abin da ke damunta, sukan sami izinin zubar da hawayensu a kan labarin wani. Ba wanda zai tambaye su dalili, ai fim ne.

Akwai amsa ta jiki. A 2016 wasu masana na Jami'ar Oxford ƙarƙashin Robin Dunbar sun tara mutane, wasu suka kalli fim mai tayar da hankali a kan rayuwar wani marar gida, wasu suka kalli shirin ilimi marar motsa rai. Sun gwada juriyarsu ga ciwo kafin kallo da bayansa, ta hanyar sa su jingina da bango kamar suna zaune a kujerar da babu ita. Waɗanda suka kalli mai ɗacin juriyarsu ta ƙaru, kuma sun ce sun ji sun ƙara kusanci da waɗanda suka zauna tare da su, alhali ba su san juna ba. Masanan sun danganta hakan da wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki don rage zafi. Ba kowa abin ya yi wa aiki ba, akwai waɗanda fim ɗin bai taɓa su ba sam.

Amsar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce: ka ga wanda ya fi ka shan wuya sai ka gode wa Allah. Tana da tushe mai ƙarfi, domin akwai hadisin da ya umarci mutum ya dubi na ƙasa da shi a abin duniya don kada ya raina ni'imar da aka yi masa. Sai dai wani bincike da Silvia Knobloch-Westerwick ta jagoranta a Jami'ar Jihar Ohio, aka buga a 2012, ya nuna wani abin lura. Ɗaliban da fim ɗin baƙin ciki ya sa suka tuna da iyayensu da masoyansu, su ne suka fito da ƙarin gamsuwa da rayuwarsu. Waɗanda tunaninsu ya tsaya a kan cewa tasu rayuwar ba ta kai wannan lalacewa ba, ba su sami wannan ƙarin ba. Wannan amsa kuma ba ta ce komai a kan mai kallon da shi ne Zain ɗin, wanda babu na ƙasa da shi da zai duba.

A kan wannan mai kallo ne maganar ta fi nauyi, kuma abin da ake yi a gidan rasuwa ya fi bayyana shi. Tsohuwar da ta zo ta'aziyya ba ta ce wa uwar mamaci ba komai. Takan zauna kusa da ita ta ce, ni ma haka na binne nawa guda biyu. Ba ta rage mata rashi ba, amma ta cire ta daga kaɗaici. Musulmi ma ya riga ya san cewa labarin jarrabawar wani yana ƙarfafa zuciya. Malaman tafsiri da dama sun ambata cewa Suratu Yusuf ta sauka ne a lokacin da Annabi (SAW) ke cikin tsananin baƙin ciki bayan rasuwar Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, kuma labari ne na yaron da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, aka sayar da shi, aka ɗaure shi bisa ƙage. Ba ana haɗa wahayi da aikin ɗan Adam ba ne. Ana nuni ne da cewa tun asali an halicci zuciya tana samun natsuwa daga irin wannan labari.

Yaron da ke cikin wuya yakan ɗauka abu biyu: cewa shi kaɗai ne, kuma cewa laifinsa ne. An sha ce masa ɗan banza, marar albarka, har ya yarda. Kafarnahum yana rushe duka biyun ba tare da wa'azi ba. Mai kallo ya ga Zain yana sata, yana ƙarya, yana ashar da ba a maimaitawa, kuma ya gan shi yana tsaye tsakanin ƙanwarsa da mutumin da ke zawarcinta, yana goya ɗan da ba nasa ba har ƙafarsa ta gaza. Ba a wanke shi ba, amma an nuna daga inda kowane laifi ya taso. Matashin da ya ga kansa a jikin Zain zai ga cewa ana iya zama mai irin wannan tarihi kuma a kasance mutumin kirki. Wannan ya fi ƙarshen farin ciki amfani a wajensa, domin ƙarshen farin ciki ya san bai faru a gidansu ba, kuma yakan fito daga irin wancan fim yana jin cewa shi ne aka manta.

Sai kuma kotun. A zahiri yaro marar takarda ba zai iya shigar da irin wannan ƙara ba, Labaki da kanta ta yarda cewa wannan sashe ne ƙirƙirarre a labarin. Amma shi ne abin da masu kallo suka fi riƙewa: manya sun yi shiru, alƙali ya saurara, yaro ya yi magana har ya gama ba a katse shi ba. Da yawa daga cikin yaran da ke shan wuya ba ramuwa suke nema ba, so suke wani babba ya tabbatar cewa abin ya faru kuma bai dace ba.

A ƙarshe an tsayar da Zain gaban kyamara. Mai ɗaukar hoto ya ce masa ya yi murmushi, hoton katin shaida ne ba na takardar mutuwa ba. Ya yi murmushi, karo na farko a fim ɗin. Sahar tana kabari, shi yana kurkuku, uwarsa tana ɗauke da wani cikin. Abin da ya samu kawai shi ne takarda mai sunansa.

## Abin da masu suka ke cewa

Suka mafi zafi ita ce an mayar da talauci abin kallo. Masu wannan ra'ayi suna cewa mai hali yana zama a kujera mai laushi a Paris ko Shanghai, ya yi kuka na awa biyu, ya fito yana jin shi mai tausayi ne, yaran Beirut kuma suna nan inda suke. Suna nuni da kiɗan goge mai narkar da zuciya da hotunan unguwannin talakawa da aka ɗauko daga sama, suna cewa an tsara su ne don matso hawaye. Wannan suka tana da ƙarfi, domin sanyin da mai kallo ya samu yana iya zama ƙarshen abin, ya ɗauka kukan da ya yi ya biya bashin.

Suka ta biyu ta fi kusa da zuciyar mai karatu Bahaushe. Buƙatar Zain a gaban alƙali ita ce waɗanda ba za su iya riƙon 'ya'ya ba su daina haihuwa. Wasu sun ga wannan a matsayin ɗora wa talaka laifin talaucinsa, alhali hukumar da ta hana shi takarda da aiki tana gefe. Ga mai imanin cewa haihuwa da arziki na Allah ne, kuma haƙƙin iyaye yana biye da haƙƙin Mahalicci, yaro ya kai iyayensa ƙara don sun haife shi magana ce mai wuyar haɗiya. Masu kare fim ɗin suna amsawa da cewa addinin da ya wajabta biyayya ga iyaye shi ne ya ɗora musu ciyarwa da tarbiyya da kariya, kuma furucin Zain kukan yaro ne da aka ƙure, ba hukunci ba. Suna ƙarawa da cewa an bai wa iyayen bakin magana. Uwar ta juya ga lauyar da ke tuhumarta ta tambaye ta ko ta taɓa kwana ɗaya a irin rayuwarta, uban kuma ya ce haka aka rene shi, haka aka ce masa namiji sai da 'ya'ya. Wanda ya kalli wannan zama da idon basira zai fito yana tausayin su ukun. Duk da haka gaskiya ne cewa ba a gurfanar da wani jami'in hukuma a kotun ba.

Labaki ta kare kanta da cewa ta shafe shekaru tana shiga kurkukun yara da wuraren tsare baƙi da zauren kotu kafin ta rubuta labarin, kuma takan tambayi yaran ko suna farin cikin zuwansu duniya, mafi yawansu su ce a'a. An yi wata 6 ana ɗaukar fim ɗin, an tara sama da awa 500 na hoto, yawancin 'yan wasan kuma rayuwarsu suke maimaitawa.

## Inda maganin ke zama guba

A ƙarshen Maris na 2017 Netflix ya saki 13 Reasons Why, labarin ɗalibar da ta hallaka kanta ta bar saƙonnin murya ga waɗanda take zargi. Wani bincike da aka buga a 2019 ya gano cewa yawan kashe kai a tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya ƙaru da kashi 28.9 cikin 100 a watan Afrilun 2017, kuma ƙarin ya fi yawa a maza. Wani masani, Daniel Romer na Jami'ar Pennsylvania, ya sake duba alƙaluman a 2020 ya ce idan aka cire hauhawar da dama ake ciki tun shekarun baya, ba a ga tasirin shirin a fili ba. Muhawarar ba ta mutu ba, amma a watan Yulin 2019 kamfanin ya cire sashen da ya nuna mutuwar yarinyar dalla-dalla, kuma a wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim a kan yadda za su taɓa wannan batu.

Abin da masana suka fi haɗuwa a kai shi ne, ɗacin labari ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne me jarumin ya yi da ɗacin. Labarin da ya nuna mutuwa a matsayin mafita, ko hanyar da za a sa waɗanda suka cuce ka su yi nadama, ya kuma nuna yadda ake yi, yana iya jan mai rauni. Labarin da ya nuna mutum a ƙuryar ƙunci yana ci gaba da numfashi yana iya riƙe shi. Wani bincike da Thomas Niederkrotenthaler ya jagoranta a Vienna ta ƙasar Austria a 2010 ya sami alaƙa tsakanin labaran jarida na mutanen da suka tsallake irin wannan hali da raguwar kashe kai. A wannan ma'auni Kafarnahum yana ɓangare na biyu, domin Zain bai taɓa sakin igiyar rayuwa ba, ko da yake ya ɗauki wuƙa kuma an nuna abin da hakan ya ja masa.

## A cikin gida

A Birtaniya an sa wa Kafarnahum alamar shekara 15, a Amurka kuma ɗan ƙasa da 17 sai da babba. Najeriya ma tana da hukumar tace fina-finai ta ƙasa mai sa alamar shekaru, Kano tana da tata tun 2001. Amma fim ɗin da aka tura wa yaro a waya a shagon caji, ko aboki ya jefa masa, ba ya zuwa da wata alama. Hukunci ya koma hannun mutanen gida.

Kallo a cikin jama'a da kallo cikin bargo da ƙarfe biyu na dare ba ɗaya ba ne. Kusancin da masanan Oxford suka auna yana buƙatar wani a gefe. Yayar da ta zauna ta kalla tare da ƙanwarta, bayan an gama ta tambaye ta wane wuri ne ya fi taɓa ta, tana iya jin abin da shekara biyu ba a faɗa mata ba, domin ya fi sauƙi yarinya ta ce Sahar ta ba ni tausayi da ta ce ina jin tsoron abin da Baba ke shiryawa. Kukan kurciya jawabi ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe zancen da cewa, to kin dai gani, ke me aka yi miki. Godiya abu ce da mutum ke tunatar da kansa, idan aka jefe yaro da ita don a rufe masa baki sai ta zama wata tsawar.

Akwai kuma alamun da ke nuna kallon ya daina amfani: yaro yana maimaita sashe guda kullum, ya daina cin abinci da mutane, barci ya ƙaurace masa, ko ya fara maganar cewa gara ma ba a haife shi ba. A nan ƙwace waya ba ya warkar da komai, domin fim ɗin ya tono abin da ke nan ne tun da. Abin da ake buƙata shi ne babban da yaron ya amince da shi, kawu ko gwaggo ko malami, da kuma likita idan abin ya yi tsanani. Wanda ya taɓa fuskantar fyaɗe ko auren dole ko rasa ƙani, yana da kyau a gaya masa abin da ke cikin fim ɗin kafin a kunna, ya zaɓa da kansa.

Wani tasirin kuma na takarda ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Uban da ya ga likita yana ƙirga haƙoran Zain yana iya tuna cewa nasa ɗan ma ba a rubuta shi a ko'ina ba.

## Bayan an kashe kyamara

Tambayar ko fim ya amfani waɗanda aka yi shi a kansu tsohuwa ce. A 1988 Mira Nair ta yi Salaam Bombay! da yaran titi na gaske a Indiya. Da ribarsa aka kafa gidauniyar Salaam Baalak mai kula da yaran titi, wadda ke aiki har yau. Jarumin fim ɗin kuwa, Shafiq Syed, ya karɓi kyautar ƙasa ta gwarzon ɗan wasa yaro, daga baya aka same shi yana tuƙin a-daidaita-sahu a Bangalore.

Yaron da ya fito a matsayin Zain, shi ma Zain Al Rafeea ne sunansa. An haife shi a Daraa ta Siriya a 2004, iyalinsa suka gudo Lebanon a 2012 saboda yaƙi, kuma lokacin da masu neman 'yan wasa suka gan shi a titin Beirut bai iya rubuta sunansa ba. A 2018 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da shi da iyalinsa garin Hammerfest a can arewacin Norway, ya shiga makaranta. Yordanos Shiferaw, wadda ta fito a matsayin Rahil, an kama ta da gaske saboda rashin takarda 'yan kwanaki bayan an ɗauki sashen da aka kama ta a fim, sai da masu shirin suka shiga tsakani aka sake ta. Jaririn nan Yonas kuwa mace ce a zahiri, uwarta 'yar Kenya, ubanta ɗan Najeriya. Su ma an kama iyayen ana tsakiyar aiki, wata daga cikin ma'aikatan fim ɗin ta riƙe ta na 'yan makonni. Kafin a nuna fim ɗin a Cannes an fitar da su daga Lebanon, ita da uwarta zuwa Kenya, uban zuwa Najeriya.